Tsummokaran Hajja Masu Ƙulli

Ina cikin shekara ta biyu da aure maigidana ya samu gurbin karatun shari'a a Khartum, ya ce ba zai bar ni a gida ba, muka taho tare. Zamanin mulkin soja ne. Sukari sai da kati, burodi sai an bi layi, shi kuwa ko bakin titi ba ya zuwa sai da katin makaranta a aljihu, don ana tare motocin haya a sauke samari a wuce da su horon soja. Hayar cikin gari ta fi ƙarfinmu, sai wani abokin karatunsa ya raka mu Aljirif, can bakin Nilu inda ake gasa jan bulo, gidan wata tsohuwa Bahaushiya mai ɗaki guda da ba kowa a ciki. Hajja kowa yake ce mata, ni ma haka na kira ta har muka rabu.

Iyayenta sun baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a Jazira, suka tsaya tsinkar auduga, a can aka haife ta. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta kakata ce, sai dai Larabci ya shige ta ta ko'ina. Lokacin da muka zo yanar ido ta riga ta rufe mata idanu biyu, rana da inuwa kawai take bambancewa. Duk da haka tana da shanu uku a wani shinge bayan gida da suke kira zariba, kuma ita take tatsarsu da hannunta safe da yamma. Akwai Jar, matashiya mai jinin shanun Turawa, wadda nononta ya fi na sauran biyun a haɗe. Akwai Fara. Sai Baƙa, tsohuwa mai sanyin hali, wadda ko kaza ta hau bayanta ba ta motsi.

Ɗa guda gare ta, babban mutum mai shagon yadi a Umdurman. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Tsoro yake ji kada wata rana saniya ta take uwarsa, ko mutane su ce ya bar makauniya cikin kashin shanu alhali ya gina mata ɗaki mai fanka. Duk zuwansa maganar ke nan, har wata rana ina shara a tsakar gida na ji sun yanke ta.

Ya ce, "Inna, ranar da wata saniya ta lalace a hannunki ba ki gani ba, ranar za a kai su kasuwar kara gaba ɗaya, ki dawo wurina."

Ta ce, "Kwayyis. Na yarda."

Da ya tafi ta ce mini in aka kai ta ɗakin nan za a jingine ta ne kamar buhun dawa, a riƙa leƙowa ana tambayar ko ta ci abinci. Dariya ta yi da ta faɗa, amma ni na ga yadda hannunta ya tafi neman igiyar Jar ya riƙe.

Zaman banza ya ishe ni, maigidana kullum yana makaranta, sai na fara bin ta zariba. Ban taɓa ganin aikin hannu irin nata ba, har yau kuwa ban sake gani ba. Da gari ya fara haske takan ɗora ruwa ya yi ɗumi, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. A jikin bango akwai ƙusoshi uku, kowace da tsummanta: ɗaya mai ƙulli ɗaya a gefe, ɗaya mai ƙulli biyu, ɗaya mai uku. Mai ƙulli ɗaya na Jar ne, da ita ake farawa. Takan wanke mata hantsa da ruwan ɗumin, ta matse tsumman ta goge har wurin ya bushe, saniyar ta saki jiki ta saki nono. Daga nan ta ɗauko wani murfin tukunya da hayaƙi ya baƙanta, ta tatso sau uku daga kowane kan nono a kansa, ta shafa da ɗan yatsa, ta taɓa a harshe, leɓɓanta suna motsi. Wannan nonon ba ya shiga bokiti. Wani rami take zuba shi a bayan bango ta tura ƙasa da ƙafa.

Sannan ne tatsar gaske. Ba ta jan kan nono. Da dukan tafin hannu take kama shi, ta rufe sama da babban yatsa da manuni, sauran yatsun su biyo ɗaya bayan ɗaya, nonon ya fito a miƙe yana kiɗa a gindin bokiti. Da kunne take sanin abin da ya rage, ba ta tashi sai ta ji hantsar ta yi laushi ta ko'ina. Ranar da ta fara ba ni na gwada, na ja da ƙarfi, Jar ta waigo ta kalle ni da wani irin raini.

Hajja ta ce, "Ya bitti, ba guga kike ja daga rijiya ba. Matsa, ki saki, ki bar shi ya cika."

Ya bitti, wato 'yata, haka take kirana, haka kuma take kiran shanun, ban taɓa sanin wadda aka girmama a cikinmu ba. In an gama da Jar sai Fara, sai a sake wanke hannu, Baƙa ce ta ƙarshe kullum. Ba a ba su komai sai an gama tatsa. Sai bokiti ya fita take zuba musu barsim, wata ɗanyar ciyawa da ake nomawa a bakin kogi, su tsaya suna ci, ita kuma ta zauna a bakin zariba ta soya gahawa, ta daka, ta dafa a wani ɗan tulu da suke kira jabana, ta sha a hankali. Muddin ba ta kife kofi ba, ba saniyar da za ta kwanta. Bayanta na wajensu, amma da ɗaya ta fara lanƙwasa gwiwa sai ka ji ta ce, "Tashi, ya bitti," ba tare da ta juya ba, saniyar kuwa ta miƙe. Na sha kasa kunne in ji abin da take ji, ban taɓa jin komai ba.

To, ga inda na shigo da tawa. Na yi makarantar Islamiyya a gida, ni ce ta ɗaya a tauhidi, ga shi na auri ɗalibin shari'a, sai nake ganin an ɗora mini tsaron addinin Aljirif baki ɗaya. Neman bidi'a nake yi yadda ake tsintar tsakuwa a shinkafa. Ga unguwar kuwa wani lokaci sai ka ji kiɗan masu iskoki daga wani gida da rana tsaka. Sai na zauna na haɗa abubuwa: tsumma mai ƙulle-ƙulle, baƙin murfi, nonon da ake zubawa a rami a rufe, leɓe yana motsi ba a jin abin da ake faɗa. Me kuma ya rage? Sau ɗaya na tambaye ta wa ake zuba wa nonon farko, ta ce ƙasa ake zuba wa, haka ta ga uwarta tana yi. Wannan amsar ta ƙara tabbatar mini. Na kai wa maigidana magana, ya ɗago daga littafi ya ce kada in yanke wa baiwar Allah hukunci a kan abin da ban sani ba, in sake tambayarta da ladabi. Ban sake ba, don na riga na gama shari'ata, ranar zartarwa kawai nake jira.

Ranar ta zo da rasuwar ƙanwarta a Umdurman. Zaman makokinsu, wanda suke kira bika, kwana bakwai za ta yi a can. Kafin ta shiga mota ta laluba ta kama wuyan hannuna.

Ta ce, "Yadda kika ga ina yi, haka za ki yi. Kada ki rage, kada ki ƙara."

Na ce, "To, Hajja."

Washegari na sauko da tsummokaran nan na kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ina karanta Falaƙi da Nasi, har da tofi. Na haɗa su a bokiti guda na wanke, na zaɓi wanda ya fi kyau na ce shi kaɗai ya isa shanu uku, ai ba amare ba ne. Sauran biyun na mai da su kan ƙusoshinsu. Murfin na kai shi madafa na kife a kan tukunyarsa. Barsim na zuba musu tun kafin in fara, don su tsaya mini shiru. Na fara da Baƙa saboda ita ce ba ta harbi, na goge ta, na wuce kan Fara da Jar da tsumman nan da hannun nan. Kafin rana ta ɗaga na gama. Shanun sun riga sun ƙoshi, ina ɗaukar bokiti suka kwanta a cikin danshin da ke gefen kwamin ruwa. Na tsaya ina kallonsu da daɗin rai, ina jin na tsarkake gidan mutane.

Kwana uku ba abin da ya faru, har na fara shirya irin nasihar da zan yi wa Hajja in ta dawo. Rana ta huɗu da safe na taɓa wa Jar kan nonon baya na hagu, ta zabura ta shure bokitin. Na sake gwadawa, ta kai mini harbi ya wuce ta gefen kunnena. Sai tausayi da tsoro suka haɗu suka ba ni shawara ɗaya: wurin yana mata ciwo, a bar shi ya huta. Na tatsi ukun na bar ɗayan, da yamma ma haka. Da safiyar rana ta biyar na tarar da ɓangaren nan ya kumbura ya yi tauri yana sheƙi, zafinsa kamar gefen tukunya a kan wuta. Jar ta sunkuyar da kai, ba ta ci, ba ta tuƙa. Na daure na matsa, abin da ya fito ba nono ba ne, wani ruwa ne rawaya mai gudaji. A lokacin ne alkawarin nan ya dawo mini. Maigidana ya riga ya fita jarrabawa. Na ɗauki mayafi na kama hanyar Umdurman.

Mota biyu ake hawa, kuma saboda wahalar mai sai da na daɗe a rana kafin kowace ta zo. A bakin gada sojoji suka tsayar da mu suka sauke samari uku, muka wuce ba su. Kullum in zan haye gadar nan sai na miƙa wuya in ga inda rassan Nilu biyu suke haɗuwa, kowane da launin ruwansa, amma ran nan ban san mun haye ba. Na sami Hajja a cikin rumfa tsakanin mata a kan tabarma. Na durƙusa na yi gaisuwa, na kai bakina kunnenta na ce Jar ba lafiya.

Tambaya uku ta yi mini, a hankali, kamar tana tambayar farashin albasa. Wane kan nono ne? Tun yaushe ba a tatse shi ba? Da wa kike farawa? Na amsa duka. Sai ta ce wa wata mata ta miƙo mata takalmanta.

A ƙofar gida muka ci karo da ɗanta, ashe magana ta riga ta kai wajen maza. Ya gaishe ni, ya juya wurin uwarsa.

Ya ce, "Inna, irin wannan ciwon ba ya saukowa daga sama rana ɗaya. Tun kina can ya fara, ba ki gani ba."

Ta ce, "Allah ya sani."

Ya ce, "Halas, shi ke nan. A gama bika lafiya, ranar Asabar zan zo da mota da dillali."

Ina tsaye a wurin, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba, na bar shi ya ɗora mata laifina. Ran nan Litinin ce.

Da muka iso gida ko ruwa ba ta sha ba, zariba ta nufa. Hannunta ya bi bango ya sami ƙusa ta farko, ya shafa tsumman har gefe, ya koma ta biyu, ya koma ta uku. Ba ƙulli ko ɗaya. Na so ta zage ni, na so ta kore ni, ba ta yi ko ɗaya ba. Cewa ta yi in ɗora ruwa in kawo murfin.

Ta zauna a gefen Jar, ta jingina goshinta da cikin saniyar tana mata magana ƙasa-ƙasa. Saniyar da ta kusa fasa mini kai jiya ta tsaya cik, jikinta yana rawa, ba ta ko ɗaga ƙafa ba. Hajja ta gasa wurin da ruwan ɗumi, ta shafa daga sama zuwa ƙasa, ta matsa, ta sake gasawa, har abin ya fara fitowa a kan murfin. Sannan ta ce in kawo hannuna. Ta ɗora ɗan yatsana a kai, na ji gudaji suna murmushewa.

Ta ce, "Wannan nake nema kowace safiya. A cikin farin bokiti ba a ganinsa, a kan baƙi yake fitowa. Da ina da ido gani nake yi, yanzu yatsa ne da harshe. Nonon lafiya zaƙi gare shi, mai ciwo gishiri. Da kin tara murfin, da tun kwana biyu kafin ta harbe ki ya gaya miki."

Ta tashi ta ja ni wurin Baƙa, ta tura hannuna can cikin hantsarta ta sama, ta ce in matsa. Na ji wani abu mai tauri kamar ƙwallon dabino.

"Wannan ya fi shekara nawa a nan. Barci yake yi, bai mutu ba. Ba shi da ƙafa, amma yana hawa hannu, yana hawa tsumma. Shi ya sa ita ce ta ƙarshe. Tsummokaran kuwa duk ɗaya ne a wurina, ya bitti, ta ina zan san na wace ce in ba ƙulli?"

Ramin, ta ce don kada ƙuda da kaji su yi yawo da ciwon ne. Tsayuwar kuma, kan nono ƙofa ce, in an gama tatsa a buɗe take har tsawon shan jabana, in saniya ta kwanta a ƙazanta kafin ta rufe, komai na iya shiga. Mai ciwo kuwa ba hutu yake so ba, fitarwa yake so, barin sa shi ne rufe wuta a ɗaki. Da ƙyar na iya tambayarta me take faɗa in tana shafa murfin.

Ta ce, "Bisimilla nake yi, sai ƙirge."

Kunyar da na ji ran nan ban taɓa jin irinta ba. Amma akwai wani abu da ya fi kunyar girma, mamaki ne mai haɗe da tsoron Allah. Matar nan ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ba ta ganin tafin hannunta, amma ta san hanyar da ciwo yake bi wanda ni mai ido biyu ban san da shi ba, ta tare masa kowace ƙofa da tsumma da murfin tukunya da kofin gahawa. Ni kuwa na zo na buɗe su duka a safiya ɗaya, ina karatu.

Kwana biyar ɗin nan a zariba muka yi su. Bayan kowace salla sai ta tatse ɓangaren, tsakanin salla da salla ma ta koma, har yatsunta suka kumbura. Yanzu Jar ce ta koma ta ƙarshe. Maigidana ya fita ya zaga gari har ya samo wani ɗalibin likitancin dabbobi, mutumin Nijar, ya zo ya duba ya kawo maganin da ake matsawa ta cikin kan nono. Da ya ga yadda Hajja take yi ya ce ba shi da abin ƙarawa sai maganin, ya kuma ce kada a sha nonon Jar sai bayan kwanakin da ya faɗa. Mai jakin da ke zuwa ɗaukar madara ya yi ta mita, yana cewa ai sauran kan nononta ukun lafiyarsu lau. Hajja ta ce ba za ta shayar da 'ya'yan mutane magani ba, duka rami za shi. Ni na kwashe danshin zariba da kwando, na ɗebo busasshen yashi daga bakin kogi na shimfiɗa. Na tafasa tsummokaran kowane daban, na shanya a rana, na zauna na mai da ƙullin da hannuna, ɗaya, biyu, uku.

Ranar Laraba na ce mata zan gaya wa ɗanta gaskiya.

Ta ce, "Ke baƙuwa ce. Na san ɗana, in ya ji zai ce ku tashi, ina za ku da karatun mijinki? Ni uwarsa ce, iyakarta ya kai ni ɗaki mai fanka."

Na ce, "Hajja, shanunki fa?"

Ta ce, "Kawo ruwan ɗumi."

Ranar Alhamis muna zaune a bakin zariba ta ɗaga hannu ta ce in yi shiru. Ban ji komai ba, sai da na leƙa na ga Jar tana tuƙa. Kumburin ya fara saɓewa, nonon ya fara komawa fari, amma har yammacin Juma'a akwai gudaji a kan murfin.

Ranar Asabar mun gama da Fara da Baƙa, muna wanke hannu, muka ji babbar mota ta tsaya a waje. Ɗanta ya shigo cikin farar jallabiya, dillali yana biye da shi. Dillalin ya fara zagaya shanun yana matsa musu gadon baya, kallon nama yake musu, ko hantsa bai duba ba.

Ɗan ya ce, "Inna, alkawari."

Ta ce, "Alkawari ne."

Ta laluba turken Fara ta fara kwance igiyar da kanta. Wannan ne na kasa ɗauka. Hannun nan da na ga ya tsayar da saniya mai zafin ciwo, shi ne yake kwance igiya saboda laifina. Na gyara mayafina na ce, "Yaya, ka gafarce ni, ina da magana." Na faɗi komai, ban rage ba: yadda na fara da Baƙa, da tsumma ɗaya, da murfin da na kife a madafa, da kan nonon da na bari don tausayi. Na ce lafiya lau ta bar mini su. Da na zo kan ƙullin da Falaƙi da Nasi dillali ya juya baya kafaɗarsa tana rawa. Ɗan bai yi dariya ba.

Ya ce, "Ƙullin kika kwance?"

Na ce, "Shi."

Ya ce, "Ni na ƙulla mata su, shekarar da idon ya fara."

Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce mu tattara kayanmu. Sai na ji ya ce in ba shi murfin. Ya tattare farar jallabiyarsa ya tsuguna a gefen Jar, ya tara shi a ƙarƙashin kan nonon baya na hagu. Hajja ta saki igiyar Fara, ta sake wanke hannu, ta sauko da tsumma mai ƙulli ɗaya, ta wanke hantsar ta goge, ba ta gaggauta komai ba don ana jiranta. Ta tatso sau uku. Nonon ya kwanta fari a kan baƙin ƙarfen. Ɗan ya duba, ya karkata shi, ya sake dubawa, na ga fuskarsa ta saki.

Ya ce, "Tas yake, Inna. Ba komai."

Ta kai ɗan yatsa ta shafa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ta taɓa a harshe. Da a ce ta bar shi a haka, da magana ta ƙare a nan, da shanunta sun tsira.

Ta ce, "Ba tas ba. Akwai ɗaya, ƙarami, kusa da babban yatsanka. Gishirin ma bai gama fita ba, sai ta ƙara kwana biyu."

Ya miƙe ya fita da murfin cikin rana. Ya kawo shi kusa da ido, ya nisantar, ya juya shi. Dillali ya matso, ni ma na matso, mu uku masu ido shida muka sunkuya a kan murfin tukunya muna nema. Mun daɗe kafin ɗan ya ce ga shi. Wani ɗan fari ne da bai kai ƙwayar gero ba, yana maƙale daidai inda ta ce.

Ɗan ya tsaya riƙe da murfin yana kallon uwarsa, ita kuwa ta riga ta jawo bokiti ta jingina goshi da cikin Jar, nono ya fara kiɗa. Can ya share fuska da hannun riga, ya je da kansa bayan bango ya zuba nonon a rami ya tura ƙasa da takalminsa mai tsada. Ya dawo ya ɗaure igiyar Fara a turke, ya ce wa dillali ya yi haƙuri, a gaya wa direba ya tafi.

Hajja ba ta ɗago ba sai da hantsar ta yi laushi. Muna jin motar tana fita daga lungu ba kowa a bayanta, ta miƙo mini tsumman.

Ta ce, "Zuba musu barsim, ya bitti, ki ɗora jabana. Ƙara kofi ɗaya, yau ɗana zai taya ni jira."